Kwana ne ya ƙare, ko ni na jawo wa Inna?

"Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni tela ne, ina zaune a Makka da iƙamata, wato takardar izinin zama. A shekarar 1445 na nema wa mahaifiyata bizar ziyara, ta zo ta yi azumi tare da mu. Da Hajji ya matso sai ta ce ita fa ba inda za ta sai ta hau Arfa, don kuɗin kujera ya fi ƙarfinmu, kuma ba ta san ko za ta ga baɗi ba. Tana da hawan jini da ciwon suga. Na san ba mu da tasrihi, wato takardar izinin Hajji, na yi ta jan ƙafa, daga ƙarshe na ba da kai. Na biya wani mai mota, ya sauke mu can nesa don gudun shingen askarawa, muka ƙarasa a ƙasa. Bayan azahar ta fara magana ba kan gado, sai ta zube. Na ɗan yi jinkirin neman motar asibiti saboda tsoron a kama mu, ina ta yayyafa mata ruwa. Kafin a kai ta rai ya yi halinsa. Maƙwabta suna ce mini kwana ne ya ƙare. Yayata da ke Kano ta ce ni na kashe Inna, har yau ba ta ɗaga wayata. Malam, in Allah ya riga ya rubuta, mene ne laifina? In kuma laifina ne, ina ƙaddarar take? Shin ɗan Adam yana da zaɓi ma kuwa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Ɗan'uwa, abin da na fahimta shi ne an tsayar da kai tsakanin magana biyu, kai kuma kana ganin dole ɗaya ta kayar da ɗaya. In maƙwabta sun yi gaskiya ka fita fes, in Yaya ta yi gaskiya kai mai kisan kai ne. To ni ban ga haka ba. Maƙwabta suna maganar ajali ne, wato yaushe ran Inna zai fita kuma a ina, wannan kuwa ba hannunka a ciki. Yaya tana maganar abin da ka zaɓa ne, wannan kuma naka ne, sai dai zafin rashi ya sa ta ɗora maka fiye da kasonka. Aikinmu a nan shi ne mu gano iyakar kason nan, don ka san abin da za ka tuba a kai da abin da za ka sauke daga wuyanka.

Mu fara da ranar kanta. Arfar 1445 ta faɗo ranar 15 ga Yuni, 2024, a tsakiyar zafin Hijaz. Kwana biyu bayan nan ma'aunin zafi a Harami ya kai digiri 51.8. Ministan lafiya na Saudiyya ya sanar cewa mutum 1,301 ne suka rasu a Hajjin, kuma kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da tasrihi, sun yi doguwar tafiya a rana ba inuwa ba wurin hutawa. Rana ɗaya ce ta doki kowa. Amma mai tasrihi yana da tanti mai sanyi, da bas ko jirgin ƙasan Masha'ir mai zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, da ruwa, da likitan tawagarsa. Marar tasrihi laima ce da gorar ruwa. Maganar nan da ba kan gado da ka ji Inna tana yi, ita ce alamar da likitoci suka fi tsoro: zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, ciwon suga yana ƙarar da ruwan jiki, wasu magungunan hawan jini kuma suna sa yawan fitsari. Na kawo alƙaluman nan ne ba don in ƙara maka ciwo ba. Ina so ka lura da abu ɗaya. Da a ce abin da mutane suka zaɓa ba ya tasiri a kan abin da ke samunsu, da mutuwar ba ta karkata gefe guda haka ba. Allah da ya rubuta ajali, tare da sababinsa ya rubuta shi.

Gardamar ta girme mu

Tambayarka ta ƙarshe, ko mutum yana da zaɓi, tun sahabbai suna raye aka fara ta. Wasu mutum biyu daga Basra, Yahaya ɗan Ya'amar da Humaidu ɗan Abdurrahman, sun zo Hajji ko Umra, suka tari Abdullahi ɗan Umar yana shiga masallaci, suka gaya masa an samu mutane a garinsu, su Ma'abad al-Juhani, masu cewa babu ƙaddara, komai sabon farawa ne. Amsar da ya ba su ita ce hadisin Mala'ika Jibrilu da kowane ɗan makarantar Islamiyya ya haddace, wanda ya sa imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, cikin shika-shikan imani guda shida. Can ɗaya ɓangaren kuma aka samu Jahamu ɗan Safwan, wanda aka kashe a shekara ta 128 bayan hijira, shi da mabiyansa suka ce mutum ba ya aikata komai a haƙiƙa, tilasta shi ake yi. Mu'utazilawa suka zo suka ce bawa ne ke halittar aikinsa, don su tsare adalcin Allah. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a 324, ya ce Allah ke halittar aikin, bawa kuma ya same shi da nufinsa da ƙoƙarinsa, a kan wannan ake yi masa hisabi. Malaman Sunna sun saɓa a lafazi, har gobe ana karawa a kan wasu kalmomin, amma sun haɗu a kan abu biyu: babu abin da ke fita daga sanin Allah da ikonsa, kuma bawa yana da nufi na gaske, ba na wasa ba. Ƙarshen Suratut Takwir ya jera su kusa da juna. Aya ta 28 ta ce ga wanda ya so daga cikinku ya shiryu, ta 29 ta ce ba za ku so ba sai Allah ya so.

Ba sai ka je makaranta mai nisa kafin ka san kana da zaɓi ba. Kai tela ne. In gobara ta tashi a layinku ta cinye shaddar da mutum ya kawo maka ɗinki, za ka ce masa ƙaddara ce, shi ma ya ce Allah ya mayar da alheri. In kuwa ka sa almakashi ba ka auna ba ka lalata masa yadi, ko da wasa ba za ka ce masa ƙaddara ce ba, biya za ka yi. Alhali duka biyun an rubuta su. Kai da kanka kana rarrabe su kullum ba tare da wani ya koya maka ba, kuma shari'a a kan wannan rarrabewar ta gina hukunci. Shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe.

Abin da ke rikita mutane shi ne suna ɗauka sanin Allah tilastawa ne. Daren da ka kwana kana juya maganar Inna a ranka, in kai ta ko in hana ta, ba ka leƙa Lauhul Mahfuzi ka ga abin da aka rubuta sannan ka bi ba. Ba ka san komai a ciki ba. Abin da ka auna shi ne hawayenta, da kuɗin da ke hannunka, da labarin waɗanda suka yi bara suka dawo lafiya. Sahabbai sun yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin tambayarka, kuma a wurin jana'iza suka yi ta, a maƙabartar Baƙi'a: tunda an rubuta makomar kowa, ba ma dogara da rubutun mu bar aiki ba? Ya ce a'a, ku yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halitta shi dominsa.

Yaranmu masu karatun boko a jami'o'in Jidda da Riyad sukan zo mini da sabon salon tsohuwar maganar Jahamu. Suna kawo gwajin da wani masani a Amurka, Benjamin Libet, ya wallafa a 1983, inda ya ga ƙwaƙwalwa ta fara shirin motsa hannu tun kafin mutum ya ji a ransa ya yi niyyar motsawa, da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Nakan ce musu motsa yatsa ba dalili daban, shawarar da mutum ya yi makonni yana taunawa daban, kuma masana fannin su kansu ba su haɗu a kan fassarar gwajin ba. Amma yadda nufin Mahalicci da nufin bawa suke haɗuwa a aiki ɗaya, daki-daki, wannan magabata sun kira shi sirrin Allah a cikin halittarsa. Ba zan ce maka na buɗe shi ba, kuma ba ka bukatar a buɗe shi kafin ka san abin da ke kanka.

Inda ake kafa hujja da ƙaddara

Ga ƙa'idar da nake so ka riƙe: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Alƙur'ani ya ba da labarin mushrikai da suka ce da Allah ya so da ba mu yi shirka ba, a Suratul An'am aya ta 148, kuma bai karɓa musu ba. Dubi kuma bambancin Annabi Adamu da Iblis. Duka biyun sun saɓa umarni. Iblis ya ce saboda ɓatar da ni da ka yi, ya tura laifin sama. Adamu da Hawwa'u suka ce Ubangijinmu mun zalunci kanmu. Sai ga hadisi ingantacce cewa Annabi Musa ya zargi Annabi Adamu da fitar da zuriyarsa daga Aljanna, Adamu ya ce kana zargina a kan abin da Allah ya ƙaddara mini tun kafin ya halicce ni? Annabi ya ce Adamu ya rinjayi Musa. Ka ga mutum ɗaya, a wuri ɗaya ya ce na zalunci kaina, a wani wurin ya ce ƙaddara ce, kuma duka biyun ya yi daidai. Lokacin da ake maganar cin itaciya, laifinsa ya amsa. Lokacin da ake maganar abin da ya biyo baya, bayan ya tuba an karɓi tubarsa, ƙaddara ya ambata. Wannan shi ne tsarin da nake so ka bi, kuma a jere yake, ba a fara shi daga ƙarshe.

Labarin Sayyidina Umar ya nuna ɗaya fuskar, wato kafin abu ya faru. Ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, aka gaya masa annoba ta ɓarke, ita ce annobar Amwas. Ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, kuma a annobar ya rasu. Babu wanda ya ce Umar ya kuɓuce wa ajalinsa, babu wanda ya ce Abu Ubaida ya jawo nasa kafin lokaci. Amma kowannensu ya tsaya ya auna, ya zaɓa, kuma a kan wannan aunawar za a tambaye shi.

Mu warware abin da ya faru

Kawo Inna ta yi azumi a Harami alheri ne tsantsa, kada wani ya sa ka yi nadamarsa. Matsalar ta fara ne daga ranar da ya kamata ta bar Makka, don a shekarar an hana masu bizar ziyara zama a garin tun daga 15 ga Zulƙida, kuma Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar ta fitar da bayani a watan Afrilun 2024 cewa bai halatta a tafi Hajji ba tasrihi. Kana zaune a nan, ka ji. Saboda haka yarda da ka yi zaɓi ne, da saninka ka yi shi.

Za ka ce Inna ce ta matsa. Na yarda, kuma duk Bahaushe ya san nauyin uwa in ta kafe, ga tsoron bakinta, ga tausayin tsufanta. Wannan yana rage nauyin laifin ƙwarai. Amma bai kai tilas ɗin da shari'a ke ɗauke hukunci da shi ba, irin na Ammar ɗan Yasir da aka azabtar har ya furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Kuma akwai abin da mutanenmu suka gada wanda ya kamata a faɗa a fili. Kakanninmu sun taka daga Kano su bi ta Barno, su ratsa Chadi da Darfur, su yi shekaru a hanya suna noma a Jazira ta ƙasar Sudan don neman guzuri, su tsallaka teku daga Sawakin zuwa Jidda. Da yawa daga cikinmu 'yan Takari jikokinsu ne. Daga nan muka ɗauko jin cewa wahalar Hajji ita ce ladansa, mutuwa a hanyarsa kuma riba ce. Su sun taka ne don babu wata hanyar. Allah ya wajabta Hajji ne a kan wanda ya samu iko, a Ali Imrana aya ta 97. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817 bai yi Hajji ba, ba wanda ya ce addininsa ya ragu. Annabi ya ga wani tsoho 'ya'yansa biyu suna rirriƙe da shi, ya tambaya, aka ce bakance ya yi zai je Ka'aba a ƙasa. Ya ce Allah ba ya bukatar mutumin nan ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Tsohuwa mai hawan jini da suga, wadda kujerar da ta haura naira miliyan shida a shekarar ta fi ƙarfinta, Hajji bai hau kanta ba. Biyayyar da ta dace a ranar ita ce lallashi da haƙuri da fushinta.

Amma kada ka ƙwace wa Inna nata zaɓin. Wannan ne kuskuren da Yaya take yi, kai ma kana yinsa a cikin dare. Inna baliga ce, da hankalinta, ta san ciwonta, ta faɗi abin da take so da bakinta, ta ɗaura harami da hannunta. In ka ce duk kai ne, ka mayar da ita kamar kaya da aka ɗauka aka ajiye, alhali mace ce da ta yanke shawara a kan rayuwarta saboda shauƙin ɗakin Allah. Inda kasonka ya fi nata shi ne sani. Ita ba ta san nisan Makka zuwa Arfa ya kai kimanin kilomita 20 ba, ba ta san yadda kwalta take a watan Yuni da azahar ba. Kai ka sani. Mai motar da ya karɓi kuɗi ya zubar da tsohuwa a rana shi ma yana da nasa kason, ba kaɗan ba, kuma ba kai za ka ɗaukar masa ba.

Sai jinkirin nan. Na ga da ƙyar ka rubuta shi, kuma ina jin shi ne ke hana ka barci. Tsoro ba zaɓi ba ne, faɗo wa mutum yake. Wanda ya san abin da tarhil, wato a kama mutum a kore shi ƙasarsu, ke nufi ga mai iyali da shago ba zai yi maka dariya ba. Abin da mutum ya yi bayan tsoron ya zo shi ne zaɓi, kuma a nan ka fifita tsoron kamu a kan kiran lambar agajin gaggawa, 911 ko 997, na ɗan lokaci. Ma'aikatar lafiya ta ce a Hajjin an yi wa marasa tasrihi hidimar jinya har 141,000, wato da ka kira da an zo. Ka amsa wannan a gaban Allah ba tare da kwana-kwana ba. Sai dai ka tsaya nan, kada ka ƙara da cewa da na kira da wuri da tana raye. Wannan jumlar ba ka da iliminta. An kai mutane asibiti cikin gaggawa a ranar sun rasu, wasu an same su a makare sun tashi. Annabi ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gaza, in wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ya ƙaddara kuma abin da ya so ya aikata, don "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Farkon hadisin na kafin abu ya faru ne, ƙarshensa na bayan ya faru. Mu kuwa mukan juya shi, mu yi sakaci da sunan tawakkali tun farko, mu zo mu kashe kanmu da da-na-sani daga baya.

Ga wani abu da zai taimake ka ka auna kanka da adalci. Mutane da yawa a unguwanninmu sun yi daidai abin da ka yi a shekarar, mota irin taka, hanya irin taka, tsohuwa irin taka. Nasu iyayen sun sauko lafiya, an sa haƙorin Makka, an koma gida ana ta Hajiya sannu da zuwa, ɗan kuma ana sa masa albarka. Zaɓinku ɗaya ne. In akwai laifi a yarda da aka yi, nauyinsa ɗaya ne a kanku duka, wanda uwarsa ta rayu bai fi ka tsarki ba, dacewa kawai ya yi. Hisabi yana kan abin da mutum ya sani, da abin da yake da iko a kai, da abin da ya nufa, a lokacin da yake zaɓar. Abin da ka nufa shi ne ka faranta wa mahaifiyarka ka kai ta Arfa. Wanda ya nufi haka ba a kiransa mai kisa.

Game da kaffara da diyya, Suratun Nisa'i aya ta 92 ta sa wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure diyya da 'yanta bawa, in bai samu ba azumin wata biyu a jere. Malaman fiƙihu suna bambanta wanda ya aikata abu da hannunsa da wanda ya zama sababi, shi ma mai sababin suna duba ko ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci da wanda ke ƙarƙashin kulawarsa. A kan tafiyar kanta, abin da na fi karkata gare shi shi ne babu diyya babu kaffara, tunda babba ce mai hankali da ta zaɓa da kanta, tuba da istigfari ne a kanka. A kan jinkirin kuwa ba zan yanke daga wasiƙa ba. "Na ɗan yi jinkiri" na iya zama minti biyar, na iya zama awa biyu, kuma akwai bambanci tsakanin motar asibiti tana gabanka ka ƙi tsayar da ita da kana tsakiyar cunkoso ba ka san inda take ba. Ka samu malami mai fatawa ka zauna gabansa ya yi maka tambayoyi, ga su nan a Harami. In kuma rashin barci da ganin abin a ido sun ƙi barinka, ka ga likita, wannan ba raunin imani ba ne, kuma ba fannina ba ne. Ita kuwa Inna, muna kyautata mata zato. Wani mutum ya faɗo daga raƙumarsa a Arfa ya rasu yana cikin harami, Annabi ya ce za a tashe shi ranar ƙiyama yana talbiyya. Ba na yanke wa kowa makoma, amma muna roƙa mata irin wannan.

Maganar Yaya

Na daɗe ina zama a sulhun iyalai a nan Makka, kuma abin da na gani shi ne kalmar "ƙaddara ce" tana warkarwa ko tana ƙona rai gwargwadon bakin da ta fito. An taɓa kiranmu kan wani direba da barci ya ɗauke a hanyar Madina, motar ta kife, wani saurayi ya rasu. Muka zauna a ɗakin mahaifin yaron, an shimfiɗa darduma, ga shayi ba wanda ya taɓa. Direban ya buɗe baki ya ce, "Baba, sai haƙuri, ƙaddara ce." Tsohon ya janye ƙafarsa, ya juya fuska bango, ya ce a je kotu. Diyyar kisan kuskure a ƙasar nan riyal 300,000 ce, direban kuwa ko motar ba tasa ba ce. Muka fita da shi waje. Da aka sake zama sai ya durƙusa ya ce, "Baba, na san ban yi barci ba, na ji idona yana rufewa tun kafin mu yi nisa, na ƙi tsayawa don ina so in juyo in ɗauki wani lodin. Ni na yi sakaci." Tsohon ya yi shiru har muka zaci ba zai yi magana ba, sannan ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Tashi." Maganar da direban ya fara da ita ce dai, amma wannan karon daga bakin mai haƙƙi ta fito.

Ina zaton Yaya ta ji "kwana ne ya ƙare" daga gare ka ko daga masu kare ka tun ranar farko, ta ji kamar ana rufe mata baki. Ka tuna ita ba ta ga gawa ba, ba ta yi wanka ba, ba ta san kabarin ba. An ɗauki uwarta da rai, an aiko mata da labari ta waya. Kada ka aika mata da ayoyi da hadisan da na kawo maka, naka ne, ba makamin gardama ba ne. Ka nemi kawunku ko wani babba da take jin nauyinsa, ka ba shi saƙo ko ka yi mata murya ta WhatsApp in ba ta rufe ka ba. Ka ce mata: "Yaya, na san babu tasrihi na yarda, na san zafin garin nan fiye da Inna ban hana ta ba, da ta faɗi kuma tsoro ya sa ban nemi taimako nan take ba. Waɗannan nawa ne, ina neman gafarar Allah, ina neman taki." Kada ka ƙara da "amma". Kada kuma ka ce "ni na kashe ta" don ka faranta mata, wannan ba gaskiya ba ne, kuma ba a gyara zumunci da ƙarya. Ka ba ta labarin kwanakin Inna na ƙarshe in ta nema, azumin da ta yi, da abin da Inna take faɗa a kan ita Yaya, da inda aka yi mata salla.

Tana iya amsawa a mako, tana iya kai shekara. Nata zaɓin ke nan, ba ka da iko a kansa, kamar yadda ba ta da iko a kan naka. Kai dai kada ka yanke gaisuwar Salla da aiken da ka saba yi wa 'ya'yanta.

Akwai kuma abin da zai zo maka har shago. Zulƙida na kamawa wani zai zauna a bencinka ya rage murya ya ce yana da tsohuwa a gida, ko kana da lambar mai mota. Daga 2025 tarar Hajji ba tasrihi ta kai riyal 20,000, ta masu ɗauka da masu ɓoyewa kuma har 100,000, ga kora da hana shigowa shekara goma. Amma ba tarar za ka gaya masa ba, ya riga ya san ta. Ka gaya masa ƙarfe nawa aka sauke ku, da nisan da kuka taka, da yadda maganar Inna ta fara canzawa bayan azahar. Wallahu a'alam.